Sabuwar Salansa a Babur ɗin Idrisu

Duk abin da tsufa ya kwashe mini daga kai, ban taɓa mantawa da ranar da muka fita aiki mu shida a kan babura, muka dawo bakin gari mu biyar ba. Kun ce in ba ku labari ɗaya daga cikin aikina kafin ku watse, to shi zan ba ku. Ku da kuke jerawa zuwa biki ko jana'iza kuna tsere a hanyar Kanvili, ku gyara zama, da ku nake. Kai mai dariya a can baya, kai ne na farko.

Zamanin Bature ne, ƙasar nan ana ce mata Gwalkwas, saura 'yan shekaru a sami 'yancin kai. Ni fita ne, wato makaniki, a ofishin da ke yi wa shanu allurar rigakafi a nan Tamale. Akwai wata cuta da ake kira bushiya, in ta shiga garke sai ta share shi tas, to ita muke yaƙi da ita. Maganin a cikin filas yake da ƙanƙara, da ya ji zafi ya lalace, don haka dole mu fita da sassafe, mu yi allura, mu dawo a ranar. Lori ba ta iya shiga ƙauyuka da damina, shi ya sa aka ba mu babura. Ba irin naku na yanzu ba da ake ɗagawa da hannu ɗaya. Ragowar na yaƙi ne, ƙarfe zalla, in ya kwanta a kanka sai an taru an ɗaga maka. Ba madubi, ba sigina, hular kwano kuwa mutum ɗaya ne yake da ita a cikinmu.

Ga yadda girma yake a ofis. A sama akwai Baturen likita, shi ba ya bin mu daji sai jefi-jefi. A ƙarƙashinsa akwai mataimakinsa Masa Ofori, mutumin kudu, Kirista, shi ke riƙe da filas. Sai helma, wato shugaban tafiya, Kofur Mahama, mutumin Dagomba, wanda ya yi aikin kai saƙo a kan babur a lokacin yaƙi. Shi ne mai hular kwanon. A ofis Masa Ofori ne gaba da shi, amma da an hau hanya maganar Kofur ce, ba mai musu. Sai masu allura uku, Fuseni da Baba Garba da Idrisu. Sai ni Tanko, da akwatin sifana ɗaure a bayan babur.

Kofur yana da dokoki, kuma kowace safiya sai ya biya mana su kamar karatun allo. Ba a jerawa kafaɗa da kafaɗa. Ba a wuce na gaba. Tsakaninka da na gabanka ka bar tazarar da in ya faɗi ba za ka hau kansa ba. In ka ga rami ko yashi ka nuna da ƙafa, don na baya ya kauce. Amma uwar dokokin ita ce waiwaye. A kowane dutsen mil, wato duwatsun nan masu farin fenti da aka kakkafa a gefen hanya, kowa zai waiwaya ya ga na bayansa. In ba ka gan shi ba, ka tsaya. Na gabanka in ya waiwaya bai gan ka ba shi ma zai tsaya, haka har abin ya kai ga Kofur ba tare da an yi ihu ba. Yakan ce mana da Hausarsa ta barikin soja, “Na gabanka ba ruwanka da shi, yana da ido. Na bayanka shi ne kayanka.”

A ƙa'ida ni ne na ƙarshe a layi, don in wani babur ya mutu in tarar da shi. Haka muke tafiya shekara da shekaru, sai aka ɗauki Idrisu aiki.

Idrisu ɗan Baba Garba ne, kuma ɗan fari. Ba yaro ba ne, ya yi aure, matarsa ma tana da tsohon ciki a lokacin. Amma a kan babur sabon hannu ne, bai kai wata uku da koyo ba. Baba Garba kuwa dattijo ne na unguwar Sabonjida, uban ubansa ne ya zo daga ƙasar Hausa da fataucin goro, kuma sun riƙe al'ada da ƙarfi. Ku yanzu kuna saɓa ɗan farinku a kafaɗa ku zaga kasuwa da shi. A zamaninmu ba haka ba ne. Uba yana kunyar ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya yabonsa, ba ya nuna damuwa da shi a gaban mutane. Mun yi aiki tare da Baba Garba tun ina ɗan koyo, ban taɓa jin sunan Idrisu a bakinsa ba. “Wancan” yake cewa, ko “yaron nan”. In zai miƙa masa sirinji sai ya ajiye a kan dutse ya kau da kai.

Masa Ofori abin ya ɗaure masa kai. Wata rana ya jawo ni gefe ya ce, “Tanko, wannan tsoho da yaronsa, mi ya haɗa su faɗa? Ya ci kuɗinsa ne?”

Na ce, “Masa, ba faɗa ba ne, kunya ce.”

Ya ce, “Kunya? Shi ya haife shi, kuma shi ya ji kunya? Ei, ku mutanen zongo!”

Ranar da Idrisu ya fara bin mu, Kofur ya so ya sa shi a bayansa kai tsaye, kamar yadda ake yi wa sabon hannu. Sai Baba Garba, wanda da shi ne na uku, ya ce shi fa idonsa ya fara rauni, gudu ba ya yi masa, a bar shi ya koma can baya. Ya koma bayana. Idrisu kuma ya ce wallahi ba zai shiga gaban mahaifinsa ya juya masa ƙeya yana watsa masa taɓo ba. Kofur ya yi faɗa, ya yi tsaki, amma Baba Garba ya girme shi nesa, kuma duk mun gane abin da tsohon yake nufi, ɗansa yake so ya kasance kusa da shi. Sai aka bar maganar. Layi ya zama Kofur, Masa Ofori, Fuseni, ni, Baba Garba, Idrisu. Wanda ya fi kowa ƙarancin iyawa shi ne a ƙarshe, kuma wanda zai waiwaye shi ubansa ne. A lokacin har daɗi muka ji, muka ce ai ba wanda zai kula da shi kamar uba.

To yanzu maganar salansa, wato bututun hayaƙi mai rage ƙarar inji. Babur ɗin da aka ba Idrisu salansarsa a fashe take, in ya tashe shi a ofis har Sabonjida ana ji. Na ɗauko ta zan yi mata walda, sai ga Baba Garba a bakin gareji, hannu a baya, yana kallon rufi.

Ya ce, “Tanko, wannan abin, bar shi yadda yake.”

Na ce, “Baba, ƙarar nan ba ta damun ka? Kai ne fa kusa da shi.”

Ya ce, “Ba ta damu na. Bar shi.”

Na ce a raina tsufa dai iri-iri ne. Na mayar da ita yadda take. Aka yi makonni a haka, sai masu shanu suka kawo ƙara, wai tun daga nesa dabbobinsu suke watsewa in sun ji mu, sai an sha wuya kafin a tattaro su. Bature ya ba da oda a gyara. Aka kawo sabuwar salansa daga kudu, na ɗaura ta ranar wata Talata da yamma. Da safe Idrisu ya buga kiki, injin ya tashi a hankali, luf, har ni sai da na yaba wa kaina. Na lura Baba Garba ya tsaya da ɗaurin kayansa, ya karkata kunne. Fuskarsa ta canza. Na zaci zai yi magana, sai kawai ya ci gaba da ɗaura igiya.

Ƙarshen damina ne, ciyawa ta fi mutum tsayi a gefen hanya. Muka fita ta Gurugu, wanda a lokacin ƙauye ne a bakin gari, muka miƙa yamma. A hanyar akwai wani rafi wanda ba shi da gada, siminti kawai aka shimfiɗa a ƙasansa ana bi ta kai. In ba a yi ruwa ba, ko idon sawu ba ya kaiwa. In an yi ruwa kuwa, kafin ka sha kofin koko ya cika ya batse. Mun haye shi lafiya, muka isa garken, muka yi aikinmu har bayan azahar.

Muna wanke allurai sai Kofur ya ɗaga kai ya dubi gabas. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, kuma ta can hanyarmu ta gida take. Ya ce, “Kowa ya ɗaure kaya. In rafin nan ya riga mu, a nan za mu kwana.” Ko ruwan da mai garke ya kawo mana ba mu tsaya sha ba.

Ranar mun yi gudun da ba mu saba ba. Iska tana kaɗa ciyawa tana kwantar da ita a kan hanya, tsawa tana ta rugugi. Ni dai a kowane dutsen mil ina waiwayawa, ina ganin Baba Garba a bayana, zaune cak, farin gemunsa yana kaɗawa. Bayansa ba na iya gani, don hanyar lanƙwasa ce da ita ga kuma ciyawa. Ban damu ba, wannan ba kayana ba ne. Muka sauka rafin, ruwa kaɗan ne, muka haye, muka hau tudu, hankalina ya ɗan kwanta.

A mararrabar da ke gab da Gurugu Kofur ya ɗaga hannu, kamar yadda ya saba, don ya ga kowa kafin a shiga gari. Muka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Baba Garba ya iso ya dafa ƙafa. Muka zuba ido a hanya muna jiran Idrisu.

Shiru.

Fuseni ya ce, “Ango ne fa, wataƙila ya tsaya tsinko wa madam gauta.” Ba wanda ya yi dariya. Kofur ya kashe injinsa, muka kashe namu, muka kasa kunne. Ba abin da ake ji sai iska.

Kofur ya tako har gaban Baba Garba ya ce, “Baba, a wane dutse ka gan shi na ƙarshe?”

Baba Garba ya dubi tankin babur ɗinsa.

“Baba, tambayarka nake. Kafin rafi ne ko bayan rafi?”

Ya ce, a hankali, “Ban gan shi ba.”

“Na sani ba ka gan shi yanzu ba. Yaushe rabonka da ganinsa?”

Ya ce, “Kofur, ni ba na waiwayawa. Ban taɓa waiwayawa ba. Jin sa nake yi.”

A nan na gane abin da ya kawo shi gareji ranar nan. Duk watannin nan mutumin nan bai juya kai ya kalli ɗansa ko sau ɗaya ba, don kada a ce ga Garba can yana leƙen ɗan fari. Da kunne yake tsaronsa. Muddin fasasshiyar salansar nan tana ɓaɓatu a bayansa, ya san yaron yana nan. Yau an sa sabuwa, ga iska ga tsawa, tun daga garken bai ji komai ba. Ya ce sau da yawa wuyansa ya so ya juya, sai ya ga ni ina waiwayowa ina kallonsa, sai ya fasa.

Kofur ya cire hular kwano ya buga ta da ƙasa. Ya zazzaga faɗa da Dagbani, ya koma Hausa, ya ce, “Doka ɗaya! Doka ɗaya na ba ku! Da a yaƙi ne, da ka kashe mutum!” Ban taɓa ganin wani ya ɗaga wa Baba Garba murya ba sai ranar, kuma tsohon bai ɗago kai ba. Masa Ofori ne ya shiga tsakani, ya ce, “Kofur, faɗa ya jira. Ruwa ya zo.” Gaskiyarsa, an fara yayyafi.

Nan take Kofur ya raba aiki. Masa Ofori ya wuce gari ya taho da lorin ofis. Mu huɗu mu koma, a hankali, a giya ta ɗaya. Shi da Fuseni su duba hannun dama, ni da Baba Garba mu duba hagu. Abin da muke nema shi ne sawun taya da ya bar hanya, ko ciyawar da aka kwantar. Ba a yi gudu, ba a rabu. Ya ce, “Na rasa ɗaya, ba zan rasa biyu ba.”

Ba mu yi nisa ba ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Jar ƙasar hanya ta zama kunu, duk wani sawu ya wanke a kan idonmu. Ciyawar da muke fatan ta nuna mana wuri, iska ta kwantar da ita ko'ina. Mu ɗan yi gaba, mu kashe inji, mu yi ta kira, “Idrisu! Idrisu!” Ni da Kofur da Fuseni muke kira. Baba Garba ba ya kira. Sai ya sauka ya kutsa cikin ciyawa yana buɗa ta da hannu biyu, har gefen ciyawar ya yayyanka masa yatsu. Haushi ya kama ni, na ce a raina, tsohon nan ko yanzu ma? Amma da na ga fuskarsa sai haushin ya koma tausayi.

Abin da ke cina a rai ban faɗa ba, kuma na san shi ke cin kowa. In a kan tudu ya faɗi, ko ya karye zai jira mu. In kuwa kusa da rafi ne, ruwan nan da ke dukanmu can yake gangarawa.

A ƙarƙashin wata kaɗanya muka tarar da wata tsohuwa ta fake da ɗaurin itacenta. Kun san Dagomba da gaisuwa. Kofur ya sauka, ya durƙusa a cikin taɓo, ya ce, “Antire.” Ta ce, “Naa.” Ya tambayi gida, naa. Ya tambayi gajiya, naa. Ita ma ta juyo da nata tambayoyin. Ni ina tsaye kamar in fashe, amma na san in bai gaishe ta yadda ya kamata ba ba za ta buɗe baki da kyau ba. Da aka gama ya tambaye ta ko ta ga wucewarmu. Ta ce ta gani, tun tana sara. Wa ta gani a ƙarshe? Ta nuna Baba Garba da haɓa, ta ce wannan mai farin gemun, bayansa ba kowa.

Daga kaɗanyar nan zuwa rafi ba nisa.

Da muka iso, rafin da muka haye ɗazu ba shi ba ne. Ruwa ja wur yana tafe da itace da kara, simintin ya ɓace. Daga bakin ruwa hanya tana hawa tudu da wata muguwar kwana mai yashi, gefenta na hagu kuma gangare ne mai zurfi wanda ya sauka cikin kwarin rafin, ciyawa ta rufe shi ruf. Muka jingine babura muka bazu. Muka yi kira har muryata ta dushe. Ƙarar ruwan sama da ta rafi sun haɗu, ko na kusa da kai da ƙyar kake ji.

Kofur ya tara mu ya ce, “Wataƙila bai haye ba. Wataƙila babur ya mutu masa a wancan ƙetaren. In za mu haye, yanzu ne, da igiya. An jima ba mai hayewa.” Ya fara kwance igiyar kayansa. Na duba gangaren nan, na duba ƙetare. In muka haye alhali yana wannan gefen, mun bar shi ga ruwa. In muka tsaya alhali yana can, dare zai same shi shi kaɗai. Fuseni yana ta salati.

Sai na ga Baba Garba ya nufi wani suri da ke bakin gangaren. Ya hau da rarrafe, yana zamewa, har ya miƙe a kansa. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya sake jan numfashi. Sannan ya kwarara kira da wata murya da ban san yana da ita ba.

“Idrisu! Idrisu! Ɗana Idrisu!”

Kofur ya saki igiya. Ba wanda ya motsa.

Can ƙasa, ta hannun hagu, cikin ciyawa, muka ji wata 'yar murya siririya. “Na'am, Baba.”

Ban san yadda na sauka gangaren nan ba, da ɗuwawu na gangara. Muka same shi kwance a gindin kwari, babur a kan ƙafarsa ta dama, goshinsa a fashe. Ashe yashin kwanar ne ya kwashe masa tayar gaba, garin ya cim mana ya ƙara wuta, ya faɗa. Ruwa ya riga ya rufe babur ɗin rabi, ya kai masa ƙirji, ya tokare da gwiwar hannu don kansa ya tsaya a sama. Kofur ya ce, “Tanko, kai ka san inda ake kamawa.” Na ce su kama firam, wato ƙarfen jikin babur, kada su kama hannun babur don zai juya. Mu uku muka ɗaga, ƙafafunmu suna nutsewa a laka, Baba Garba ya rungumo shi ta hammata ya ja. Idrisu ya yi ƙara ɗaya ya suma.

Ƙafar ta karye ƙasa da gwiwa. Na ciro libobi biyu na cire taya daga akwatina, na sa ɗaya kowane gefe, na yayyanka robar cikin taya na ɗaure. Muka ɗora shi a kan rigar ruwan Kofur muka hau da shi. Kafin mu gama numfashi a kan hanya na leƙa ƙasa, babur ɗin ba a ganinsa, ko hannunsa. Sai bayan kwana biyu muka je muka jawo shi da igiya.

Muna zaune a gefen hanya muna jiran lori, kan Idrisu a kan cinyar ubansa. Baba Garba ya kare masa fuska daga ruwa da hularsa, amma idonsa yana can wajen daji. Duk muka juya baya, muka yi kamar muna duba babura. Gab da magariba Masa Ofori ya iso da lori, aka kai shi asibiti.

Da na je duba shi bayan 'yan kwanaki na ce, “Kai kuwa, mun yi ta kiranka har makogwaro ya tsage, ba ka ji ba?”

Ya ce, “Yaya Tanko, ina jin ku sama-sama, kamar a mafarki. In na ce zan amsa sai barci ya ja ni. Amma da na ji wannan muryar ta faɗi sunana, sai na farka sarai. Tunda aka haife ni ban taɓa ji ba. Na ce ko mutuwa na yi, ai dole in amsa.”

Ƙafar ta warke, sai ɗan ɗingishi da ya rage masa har ƙarshen ransa. Yana asibiti matarsa ta haihu, aka yi suna yana dogara sanda.

Kofur ya kai wa Bature bayani, kuma bai ɓoye komai ba. Aka mayar da ni ƙarshen layi. Aka ce sabon hannu a bayan helma zai riƙa tafiya, ko ɗan wane ne. Na samo madubai daga tsoffin loruka na ɗaura wa kowane babur. Kofur ya ƙara wata doka da ba za ku same ta a wani wuri ba: kafin a jera layi, sai ya tambayi kowa ko akwai kunya tsakaninsa da na bayansa, ɗan fari ne ko suruki. Ya kuma je har Sabonjida ya durƙusa ya ba Baba Garba haƙuri a kan ɗaga murya. Tsohon ya ce masa ai da ya ƙara.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku tafi da shi. Dokar waiwaye ba ta da aibu, kuma a cikinmu ba wanda yake son Idrisu kamar wanda ya karya ta. Doka a kan mutane take hawa, mutane kuwa kowa da abin da ba zai iya yi ba, kuma ba zai faɗa maka ba. In za ku fita a jere, kada ku tsaya a kan duba birki da taya. Ku san wa ke gaban wa. Mai rauni ya shiga tsakiya, gwani ya tsaya ƙarshe, kuma kowa ya tabbata na gabansa zai iya juyowa ya dube shi. In hadari ya kore ku, gara ku kwana a ƙauye da ku yi gudun da na ƙarshenku bai iya ba.

Ranar da Idrisu ya dawo aiki, Kofur ya nuna masa wurinsa, na biyu a layi. Idrisu ya tsaya yana murza hannun babur, ya ce shi fa har yanzu ba zai iya shiga gaban Baba ba. Kofur ya buɗe baki zai yi faɗa, sai Baba Garba ya riga shi. Bai dubi kowa ba, ya ce, “Kofur, a gaya wa wancan ya wuce gaba.” Sannan ya tura nasa babur ya tsaya a bayansa, na uku, wurinsa na da. Ashe idon ya warke.

Bai sake kiran sunan ba har ya bar duniya, ni dai ban ji ba. Amma daga ƙarshen layi ina hango su, ɗan a gaba, uban a baya, kan tsohon ko motsi ba ya yi. Wata rana mun tsaya shan ruwa na matsa kusa da shi na ce, “Baba, yanzu dai kana ganinsa ko?”

Ya harare ni ya ce, “Hanya nake kallo, Tanko. In wani ya shiga gabana, laifina ne?”